Awa Uku da Minti Arba'in

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka, amin.

Shekara huɗu ke nan kana ce mini gari ya yi nisa. Jiya na tafi ofishin masu sayar da tikitin jirgin sama, wanda ke saman shagon magani. Da gwiwata mai ciwo na hau benen nan. Na tambayi matar da ke kan tebur nisan garinku. Ta danna na'ura ta ce kilomita dubu biyu da ɗari shida, tafiyar awa uku da minti arba'in. Na ce ta maimaita. Auta, naƙudarka ma ta fi haka tsawo!

Yayanka ya ce mai hawan jini ba ta shiga jirgi. Na ce likita bai hana ni ba, shi kuma ban haife shi don ya yi gadina ba. Ranar sha biyu ga wata ina tafe.

Ka huta lafiya.
Mahaifiyarka

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki cikin ladabi, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Don Allah kada ki zo. Ba nisa ne ya hana ni ba, ƙarya na yi miki. Shekarar da na daina zuwa, injin yankan katako ya kama hannuna na dama a wurin aiki, aka yanke shi daga gwiwar hannu. Ni na roƙi Yaya ya ɓoye miki. Wasiƙun da kike samu matata ke rubutawa, shi ya sa kika ce rubutuna ya gyaru.

Yanzu gadin ƙofa nake yi a wurin. Ɗakinmu ɗaya ne, a hawa na huɗu. Ba na so ki gan ni haka, Inna. Ki bar ni a yadda kika san ni.

Ki yafe mini.
Autanki

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Ka gai da matarka, Allah ya yi mata albarka, ita da ta riƙe ka.

Na karanta sau biyu, na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska. Ya isa haka. Shekara talatin ina ungozoma, me zan gani a jikinka da zai firgita ni? Hannu aka yanke maka ko uwa?

Hawa huɗu ba komai ba ne, zan huta a kowane hawa. Ka zo filin jirgi da kanka, kada ka aiko kowa. Kuma kada ka rufe hannun da mayafi ko wata riga mai dogon hannu, ba baƙuwa za ka tara ba. In ban gan ka ba, zan zauna a kan jakata har ka zo.

Sai na iso.
Mahaifiyarka

Zuwa ga Babban Ɗana,

Ina gaishe ka da yaran.

Na sauka lafiya, kunnena ne kawai ya toshe. Ƙanenka ya zo, amma ya laɓe bayan ginshiƙi, sai da na ƙwala masa kira a gaban jama'a. Ya rame. Shi ya ɗauki jakata da hagu, ban hana shi ba.

Ka je ofishin masu tikitin nan ka ce su ɗaga ranar dawowata, ban sa rana ba. Har yanzu ina fushi da kai.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarku