Daɓen Shatu

Asabar, 9 ga Jimada Awwal, 1396
Ɗana Halliru ya zo Roni daga Kano da wani Mamuda, mutumin Kazaure, wai mai maganin gara. Ɗan da na haifa ya ƙulla kwangila a kan gidana bai tambaye ni ba. Wai duk shekara za su riƙa zuwa feshi, in gara ta dawo su ma su dawo. Amma da sharaɗi: sai sun haƙa rami kewaye da gida, su huda ƙasan kowane ɗaki su ɗura magani. Kowane ɗaki. Har na marigayiya Shatu.
Na ce ɗakin matata dai a'a. Mamuda ya ce, "Baba, in an bar ɗaya, can za su taru." Na ce uwarka ce ta daɓe shi? Halliru ya yi ta ba shi haƙuri. Ni bai ba ni ba.

Lahadi, 10 ga Jimada Awwal
Da takalmi Mamuda ya shigo mini zaure. Jiya na manta ban rubuta ba.

Laraba, 13 ga Jimada Awwal
Shatu ce ta yi daɓen nan da hannunta, ita da matan unguwa, da tsakuwa da ruwan makuba. Har yau sheƙi yake. A bakin ƙofa ga shatin tafin hannunta inda ta dafa kafin ya bushe. Da ta rasu an raba komai nata, har tukwane. Shi kaɗai aka kasa ɗauka. Shi ne za a huda da ƙarfe.
Ubana da toka ya kori gara har ya koma ga Allah. Yanzu tun da aka samu man fetur ɗin nan, komai sai an kira wani daga birni.

Juma'a, 22 ga Jimada Awwal
Autata Asma'u ta zo wankan jego da jaririnta. Ƙanwata Dela ce ke yi mata. Na sauke su a ɗakin uwarta, can ya dace. Itacen wankan na jingine shi a bayan ɗakin.

Litinin, 25 ga Jimada Awwal
Sun zo sun yi nasu. Rami a waje, huji a sauran ɗakuna, gida duk wari. Mamuda ya tsaya bakin ɗakin Shatu ya ce, "To Baba, wannan ba ya cikin alkawari. Ko itacen nan a janye." Na ce ya tafi ya koya wa ubansa zaman gida.

Alhamis, 5 ga Jimada Ahir
Hanyar gara a bangon ɗakin Shatu, bayan gado. Siririya kamar jijiya, daga ƙasa har azara. Na kankare ta da wuƙa Asma'u tana wajen wanka. Na barbaɗa toka. Ba wanda ya gani.

Juma'a, 6 ga Jimada Ahir
Ta dawo. Har ta yi 'ya'ya.

Talata, 10 ga Jimada Ahir
Asma'u ta ce, "Baba, ƙasa ce fa ke zubo wa yaron nan a ka." Na ce ƙadangare ne. Dela ta ce, "Yaya, ƙadangaren naka itace yake ci?" Dela tun tana yarinya bakinta ya fi ta.
Da suka fita na taka turmi na ƙwanƙwasa azarar tsakiya. Amsawa ta yi kamar ƙwarya. Na danna yatsa, ya shige.
Hadari a gabas tun la'asar.

Alhamis, 12 ga Jimada Ahir
An yi ruwa mai ƙarfi. Soro ya sha, ya yi nauyi, ina jin sa a wuyana. Da magariba sai ga shinge, garar nan mai fiffike, tana ɓullowa ta wata 'yar tsaga a daɓen, dab da hannun Shatu. Ta lulluɓe fitila. Muna kallo wani ɓangaren ƙasa ya ɓantaro daga sama ya faɗa kan shimfiɗar yaron. Allah ya sa yana hannun uwarsa yana shan nono.
Asma'u ba ta yi kuka ba. Ta goya shi, ta naɗe tabarma. A ƙofa ta ce, "Baba, da Inna tana nan, ita za ta fara fasa daɓen nan."
Ban ci tuwo ba.

Asabar, 14 ga Jimada Ahir
Na aika Kazaure a kira Mamuda. Ba don maganar kowa ba, damina ce ta matsa.
Na janye itacen, rabinsa ya zama ƙasa. An tokare azara kafin a sauya. Hujin farko ni na yi da dagina, ban yarda baƙo ya fara ba. Bugu ɗaya ya rufta. Ashe ɓawo ne kawai, ƙarƙashi duk sun cinye.
Wurin tafin hannun na sassare shi a hankali. Ɗan yatsa ɗaya ya gutsure. Yana cikin kwanon ƙarfe a ɗakina, gara ba ta cin ƙarfe.
Mamuda ya cire takalmi yau. Na dai ce Dela ta dama masa fura.