Ramin da ke Ƙofar Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso, injin shara da ɗan baƙin kafet ɗin nan mai roba a ƙasa. Na shimfiɗa kafet ɗin a ƙofar ɗakin Baba kamar yadda kika ce, don kada santsin tayil ya sake kayar da shi. Injin kuwa har ya samu suna. Baba ya hango shi daga kan gado yana rarrafe a falo, ya ce Kunkuru kika aiko mana. Ya ce ya fi ni biyayya, tunda shi ba ya cewa bari in gama shan shayi tukuna.

Abin yana da wayo, Yaya. A kan tayil tafiya yake a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa. Da ya hau babban kafet ɗin falo sai ya canza murya, ya kama gurnani kamar an taka masa wutsiya. In ya zo bakin matakalar bene sai ya tsaya cak, ya juya. Aibinsa ɗaya, ba ya shiga ɗakin Baba. Can da tsintsiya nake sharewa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baba ya daina fitowa daga ɗaki. Ko bayi ba ya zuwa, sai dai in kai masa fo, kuma kin san mutumin da ya yi shekaru yana ɗinka wa manya kaya, bai taɓa fita da riga a yamutse ba, yadda wannan zai ci masa rai. In na tambaye shi sai ya ce ƙafa ce. Amma ina ganinsa yana takawa daga gado zuwa taga ba ko sanda.

Yaya Direba ya zo ya gani. Ya ce mantuwar nan ta Baba ce ta ƙaru, ƙarshen wata zai zo da mota a kai Baba asibiti a kwantar da shi. Ban ga laifinsa ba, shi ma hankalinsa ne ya tashi. Sai dai tun da Baba ya ji maganar ya rage cin abinci. Ya riƙe mini hannu ya ce Inna ma da ƙafarta ta shiga wancan wuri, ba ta dawo ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe mini da yaran.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki zauna. Baba ya fito. Yanzu haka yana falo, ya sa an kawo masa almakashinsa yana gyara bakin labule, yana faɗa wai wanda ya ɗinka shi bai san aiki ba. Shi ya ɗinka shi da kansa, amma ban tuna masa ba.

Bari in ba ki labarin tun daga tushe. Rannan da hantsi ina zaune a falo ina gyaran maɓallin rigata, Kunkuru yana aikinsa. Ya nufi ɗakin Baba, ya kai hancinsa bakin baƙin kafet ɗin, ya tsaya, ya ja da baya, ya juya. Na sha ganin haka ban kula ba. Can sai ga Baba daga ciki ya taho, ya zo bakin kafet ɗin ta nasa ɓangaren, ya tsaya, ya duƙar da kai yana kallon ƙasa, ya kama ƙyaure, sannan ya koma gado. Sai na ajiye rigar. Su biyu wuri ɗaya suke tsayawa, kuma irin tsayuwar da Kunkuru yake yi a bakin matakala ce.

Na rungumi injin na sauka wurin mai gyaran talabijin na ƙasan benenmu. Ya ce au, yau kuma jariri na kawo masa? Ya kifa shi, ya nuna mini wasu ƙananan tagogi a ƙarƙashinsa. Ya ce idanunsa ke nan. Suna jefa wani haske ƙasa wanda mu ba ma gani, in hasken ya dawo to akwai ƙasa, in bai dawo ba to rami ne, sai ya juya. Baƙin abu kuwa shanye haske yake yi, shi ya sa wani baƙin kafet ɗin yake zame masa rami. Gurnanin da yake yi a babban kafet kuma, wai burushinsa ne yake jin nauyi, sai ya gane ya bar tayil, ya ƙara ƙarfin zuƙa.

Ya ce in ina so zai liƙe masa idanun da farar takarda, ya riƙa hawa komai. Na ce a'a, to ranar da ya zo bakin matakala fa? Ya yi dariya ya ce ranar sai in kawo masa shi a buhu.

Na hau sama, na zauna kusa da Baba. Ban tambaye shi ƙafa ba. Na ce masa Kunkuru ya ƙi shiga ɗakin nan, wai yana ganin rami a ƙofa. Yaya, da kin ga fuskarsa. Ya kalle ni ya ce ashe ba shi kaɗai ba ne. Ya ce tun ranar da ramin ya bayyana yake jira wani ya yi magana, sai ya ga muna takawa ta kansa muna wucewa ko a jikinmu. Ya ce a ransa ko dai hankalinsa ne ya tafi, in kuwa ya faɗa, ranar za a zo da mota. Shi ya sa ya ɗora wa ƙafa laifi.

Ban yi masa gardama ba, ban ce babu rami ba. Na durƙusa a gabansa na naɗe kafet ɗin a hankali yana kallo, farin tayil ya fito. Na kunna Kunkuru. Ya shiga ɗakin kai tsaye, ya zagaya ƙarƙashin gado, ya fito. Baba ya miƙe, ya gyara hularsa, ya bi bayansa. Ni kuwa na shige kicin na yi kamar albasa nake yankawa.

Matar nan ma'aikaciyar jinya ta gidan da ke kallon namu ta leƙo da yamma. Ta ce ta sha ganin haka wurin tsofaffin da ido da tunani suka yi wa rauni, kuma lallai a kai shi a duba idanun. Na kira Yaya Direba na faɗa masa komai. Ya ce zai zo da motar dai, amma likitan ido za mu je mu dawo gida mu ci abincin rana. Baba ya yarda, da sharaɗin shi zai zauna gaba.

Don Allah kada ki sa wa ranki damuwa a kan kafet ɗin. Na san halinki, yanzu za ki fara cewa ke kika jawo. Don kada ya faɗi kika saya, kuma injin da ya tona asirin ramin ma ke kika aiko. Kafet ɗin yana ɗakina, ina jin daɗinsa a ƙafa. In kin samu wani mai ruwan ƙasa ko mai haske, ki aiko. Baba ya ce kafin a shimfiɗa shi a fara ba Kunkuru ya taka, in ya hau to shi ma zai hau.

Ki gaishe da maigida da yara. Baba yana gaishe ki, ya ce in kin zo ki taho da rigunan yaran da suka yi musu tsawo.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta