Muntari, Inna Ta Janye Maganarta

Zuwa ga ƙanina Sajan Muntari, ɗan marigayi Malam Inuwa na Ƙofar Sauri, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ina gajiya? Yaya aiki, in kana da shi? Yaya iyali, in ka yi? Ka ga irin gaisuwar da ka bar ni da ita, gaisuwar wadda ba ta san ko ɗan'uwanta yana da ɗaki ko yana da kabari ba.

Jarida na kai wa wannan wasiƙa, don ba ni da adireshinka. Wani direba ya ce ya gan ka a Maraɗi. Wata mai sarin atamfa ta rantse ta hango ka a Ikko kana gadin kanti. Ban san wanda zan gaskata ba. Amma jarida tana da ƙafa. Ko ba ka saya ba, wata rana mai tsire zai naɗe maka nama a cikinta, kuma na san ba ka iya ganin rubutu ka ƙyale. Ni na koya maka, a tsakar gida, da gawayi. Na san rabin Katsina za su riga ka karantawa. Su karanta. Da su ma nake.

Labarin gari: soja sun koma bariki, farar hula sun hau, an ce yanzu kowa yana da baki. Har yau katangun Ƙofar Ƙwaya fastoci ne a jikinsu. Alhajin nan da ka sani, mai tankokin da ke tsallaka iyaka da man fetur su dawo da abin da ba a faɗi, shi ne uban jam'iyya a unguwarsu. Ba zan rubuta sunansa ba, ina tausayin tawada. Shari'arsa ta mutu mutuwar jaki, aka ja ta bayan ganuwa aka yar. Mai Shari'a da ka yi wa gadi ya yi ritaya, ya yi ƙiba, ina ganinsa ranar Juma'a da jikoki a bayan mota. Yana raye, Muntari. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, fim ne. Kada ka yi dariya.

Makon jiya malamin tarihi na makarantarmu ya ara mini kaset ɗin bidiyo, fim na ƙasar Italiya. Akwatin talabijin yana ɗakin Inna. Idanunta sun yi hazo yanzu, inuwa kawai take gani, amma ta ce tana son jin motsin mutane a ɗaki. Bayan la'asar aka kawo wuta, na saka. Suna magana da yarensu, ana rubuta Turanci a ƙasa, ni ina juya mata da Hausa, ita kuma tana jan carbi tana yi musu gyara kamar 'ya'yan maƙwabta.

Labarin wani alƙali ne a garin da ƙungiyar miyagu ta shaƙe wa wuya, tun daga mai gasa burodi har manyan ofis kowa yana jin tsoronsu. Alƙalin ya ce sai ya ga ƙarshensu. Aka ba shi 'yan sanda matasa su tsare lafiyarsa, da wata tsohuwar mota mai tari. Kowace safiya sai sun kwanta a ƙasa sun leƙa cikin motar. Hanyar da suka bi yau ba ita za su bi gobe ba. Duk ƙofar da zai shiga, ɗayansu ke fara sa ƙirji.

Ban kalli alƙalin sosai ba. Wuyan yaran na riƙa kallo, wuyan da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Naka ne. Ka tuna tun da aka ba ka gadin Mai Shari'a ka daina juya wa ƙofa baya, har a ɗakin Inna? Takan ce, “Yaron ga, ko tuwo shike ci sai ka ce ɓarawo a gidan ubanshi.” Kai kuma ka yi murmushi, idonka na kan labule.

Sai aka zo wani wuri a fim ɗin. Wani tsoho mai sanda ya zo gaida alƙali, riƙe da kwandon lemo. Ɗaya daga cikin yaran ya tare shi, ya sa shi ɗaga hannuwa, ya shafa rigarsa daga kafaɗa har ƙugu, ya tona kwandon. Tsohon ya ɗaga hannuwansa yana ta surutunsa, aka gama, ya wuce. A nan harshena ya maƙale. Inna ta ce, “Mi ya faru? Kin yi shiru.”

Bari in tuna maka abin da ya maƙale mini, ba don ka manta ba, sai don waɗanda suka manta da gangan.

Shari'ar Alhaji tana tsaka a gaban Mai Shari'a, aka wayi gari an ajiye masa ƙunshi a ƙofar gida: farin ƙyalle da turare, likkafani cikakke. Kai ka kwance shi. Ba a daɗe ba mahaifiyarsa ta rasu, aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidansu na gado, can kusa da Gobarau. Ka ce masa ya zauna daga cikin zaure. Ya ce ba zai karɓi gaisuwar uwarsa a ɓoye kamar mai bashi ba. Ya zauna a fili, gari duka yana zuwa, kowa cikin babbar riga wadda za ta iya ɓoye ɗan akuya, balle bindiga. Wa yake tare mai ta'aziyya a Katsina? Wa yake tambayarsa me ke cikin aljihunsa? Su ma masu likkafanin sun san haka. 'Yan gari ne.

Ranar addu'ar uku na zo zan shiga wurin mata, cunkoso ya tsayar da ni a bakin zaure. Da idona na gani. Wani dattijo mai farin gemu ya taho, a bayansa dab da shi wani mutum baƙon fuska, rigarsa ta rinjaya gefe guda. Sun taho kamar tare suke. Ka sha gabansu, ka durƙusa ka gaida dattijon, ka miƙe ka ce, “Baba, a gafarce ni,” ka ɗora hannu a kan rigarsa.

Wurin ya ɗauke wuta. Abin da ka samu a jikinsa carbi ne da goro.

Duk idon da ke wurin yana kan hannunka. Nawa yana kan na bayan. Ya riga ya cire takalmi ɗaya, ƙafarsa tana bakin tabarma. Da ya ga ana lalube, kuma shi ne na gaba, sai ya mayar da ƙafar cikin takalmin, ya juya, ya bi lungu. Bai ce Allah ya jiƙan rai ba. Bai ɗaga hannu an shafa fatiha da shi ba. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin Musulmi ya kai bakin tabarmar makoki ya juya bai yi gaisuwa ba, ko da gaba yake yi da mamacin. Kai ma ka gan shi. Ka yunƙura za ka bi shi, mutane suka riƙe ka, suna ta salati a kan rigar dattijo.

Mai Shari'a da kansa ya tashi ya kama hannun tsohon yana ba shi haƙuri, ya ce yaro ne, ba shi da tarbiyya. Washegari ya nemi a canza masa mai gadi. Mutumin da ya san dokar Turawa da ta Malikiyya, wanda ya ga likkafaninsa da idonsa, ya fi tsoron a ce gidansa an wulaƙanta baƙo fiye da tsoron harsashi. Na karanta littattafan tarihi da yawa, na ga sarakunan da girman kai ya kashe. Wanda kunya ta kusa kashewa, a garinmu na gan shi.

Na yi magana a lokacin, ka sani. Na faɗi zancen takalmin a cikin gida, na faɗa a gidan suna, na faɗa wa Kawu har ya ce boko ya cinye mini kai. Aka ce wataƙila mutumin alwala ce ta karye masa. Alwala! Gari ya zaɓi labarin da ya fi daɗin taunawa: ɗan Malam Inuwa ya laluba sa'an ubansa a wurin makoki.

Inna ta sha gori har ta daina fita. Ranar da ta kira ka, ina zaune ina tsince shinkafa. Ta ce ka je ka durƙusa gaban dattijon a bainar jama'a ka ce ka yi kuskure. Ka ce za ka ba shi haƙuri sau dubu, amma ba za ka ce kuskure ba ne, don in gobe ta maimaita haka za ka sake yi. Sai ta faɗi abin da ta faɗa: “To kada ka sake taka min zaure.” Ka dube ta, ka dube ni, ka ce, “To, Inna.” Ka ajiye kakinka a ofis, ka bar garin.

Na ji haushinka, Muntari, har yau ina ji. Kowane ɗa a Katsina uwarsa ta taɓa korarsa da baki, ya zagaya ya dawo da magariba ya ci tuwo. Kai kaɗai ka ɗauki maganar uwa kamar umarnin kwamanda. Amma na san dalili. Mutumin da ba ya barin bakin ƙofa sai an sallame shi, ba zai shiga ƙofar da aka hana shi ba sai an ba shi izini. Taurin kan da ya tsare Mai Shari'a shi ne ya raba mu da kai. Tun kana ƙarami haka kake. Na taɓa ce maka ka tsaya a gindin hasumiyar Gobarau kada ka motsa, na shiga gidan ƙawata na shagala da hira, na fito na same ka a tsaye cikin rana, kana kuka, amma ba ka matsa inuwa ba.

To, na dawo ɗakin Inna. Da ta tambaye ni, na gaya mata abin da yaron ya yi wa tsoho mai lemo. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce, “Tsohon bai tsine mai ba?” Na ce a'a, ya ɗaga hannu ne kawai. Ta ce, “Mutanen gari ba su zage shi ba?” Na ce ko kallonsa ba su yi ba. Ta ce, “Uwarshi fa?” Na ce ba a nuna ta ba. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, “Ashe a wani gari aiki ne.”

Muka ci gaba. Kusa da ƙarshe aka harbi ɗaya daga cikin yaran, ya faɗi a inda alƙalin ya kamata ya faɗi. Na so in tsallake wannan, amma ta ji ƙarar, ta ji kukan mata, kuka kuwa ba ya bukatar tafinta. Ta ce in kashe akwatin. Sai ta ce, “Rakiya, sake faɗa min zancen takalmin nan.” Shekara da shekaru ina faɗa tana toshe kunne. Ranar ta saurara har ƙarshe.

Ka ga abin takaici? Ɗiyarta ta gani da ido ba ta yarda ba, sai da Turawan da ba su san hanyar Ƙofar Sauri ba suka yi wasan kwaikwayo. Na so in yi faɗa. Na dubi yadda ta rame, wuyan hannunta kamar sillen kara, na haɗiye.

Da safe ta aika aka kira Kawu da liman na unguwa, don ta ce magana da aka yi da shaida sai da shaida ake kwance ta. Ta sa aka tayar da ita zaune. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba: “Ku shaida, na janye. Yaron ga aikinshi ya yi. Zaure nashi ne, ɗaki nashi ne. Ku ce mai shi taho gida.”

Wannan shi ne saƙon. An sallame ka daga tsayuwar rana, Auta. Ka matso inuwa.

Ba zan ɓoye maka ba, jikinta ya yi nisa. Kunu take sha, shi ma da lallashi. Ta sa an juya mata gado yana kallon ƙofa, ita da ta yi shekaru tana yi maka tsiya a kan haka. Duk sallamar namiji da ta ji daga zaure sai ta ɗaga kai ta kasa kunne, sannan ta mayar. Ni nake ganin mayarwar, kullum, kuma na gaji da gani.

Ban san me ka zama ba. Wataƙila furfura ta fito maka, wataƙila ba ka da abin da za ka riƙo a hannu. Kada ka riƙo komai. Gari ba zai ba ka haƙuri ba, Mai Shari'a ba zai aiko da godiya ba, Alhaji zai ci gaba da raba shinkafa ana yi masa kirari. Ba don su na kira ka ba. Ni dai ina son in ji ka ce “Yaya” da wannan muryar taka mai kama da ta Baba, in zuba maka tuwo, ka zauna ta inda ka ga dama.

Abu ɗaya nake tsoro: kada ka iso ka tarar da tabarmi a ƙofar gidanmu. Ka zo tun tana iya shafa fuskarka. In ka iso bakin zaure kuma zuciya ta ce maka ka juya, ka tuna mun taɓa ganin wanda ya cire takalmi ɗaya. Kai ka cire duka biyun, ka shigo.

Allah ya kai maka wannan takarda ko ta hannun wa. Allah ya tsare ka kamar yadda ka tsare wanda bai gode ba, ya buɗe maka hanya, ya ara wa Inna kwana har ta ji sallamarka. Amin.

Yayarka da ta goya ka,
Rakiya,
Ƙofar Sauri, Katsina.