Takwaranka Yana Son Shiga Teku

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi masunci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina roƙon Allah Ya kai haske makwancinka. Daga unguwar Arba wa Nus nake rubuto maka, nan Alƙahira, inda nake sayar da shayi tun da muka baro Bur Sudan.

Kewarka ta ishe ni, Baba. Haka ma kewar kurmin shora, itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwan teku kudu da garinmu. Ka tuna ranar da ka tsinko ganye ka ce in lasa? Gishiri ne fal a bayansa. Ina tofarwa, kana ta dariya.

In ruwa ya janye, sai saiwoyi su leƙo daga laka kamar yatsu. Ƙaguwa na ta guje-guje, zalɓe ya ƙame da ƙafa ɗaya, raƙuman makiyaya su kutsa har gwiwa suna cin ganye. Ni kuwa idona na kan 'yan mitsi-mitsin kifin da ke ɓuya a gindin itatuwa.

Ba ka taɓa jefa taru a wurin ba, ko ranar da tukunyarmu ta kwana a kife. Cewa kake, "Nan ɗakin goyo ne. Kifi ba ya barin shora sai ƙayarsa ta yi ƙwari."

Baba, ɗana na fari, takwaranka, ko gemu bai gama fito masa ba, ya ce halas, wato shi ke nan, ya gaji da Masar. Jirgin ruwan da ke ɗibar yara daga wajen Iskandariya zuwa Turai zai bi. Jikan masunci, amma ko iyo bai iya ba!

Na faɗa masa maganarka. Ya sumbaci goshina, ya tambaye ni ina shorar take a garin nan.

Tsoro nake ji. Da kana raye, kallo ɗaya za ka yi masa ya zauna. Ni ko sunansa ban taɓa furtawa ba, don naka ne, kunya ta hana. Ran da ya ɗauki jaka ya nufi ƙofa, ka yafe mini Baba, zan kira sunanka da ƙarfi ko ya juyo.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Shi kuma Allah Ya bar mini shi a tudu.

'Yarka mai kewarka,
Hauwa