Rigar Abdulghaffar

Aziziyya, Jidda
Sha'aban, 1984

Uwanita,

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Yaya jikin Inna, yaya mutanen Maraɗi? Ni lafiya lau, sai zafi.

Na bar dako a tashar jiragen ruwa. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya kai ni jinyar wani tsohon Bafaranshe da ya musulunta, Abdulghaffar, tunda ina jin Faransanci. A ƙuruciyarsa ya yi wa ƙasarsa rugubi, wasan da ƙarti goma sha uku ke rungumar ƙwallo suna ture juna. Har Ingila da Ostiraliya ya buga. Abokan wasansa duk sun mutu, shi kuwa ba ya barci, wai suna jiransa a fili.

Jiya ya ba ni rigar wasansa, shuɗiya, ta ulu, ya nace sai na ba shi tawa, wai haka 'yan wasa ke musaya. Na saka don ya ji daɗi. Da kin ga mijinki cikin ulu a Jidda, da kin sha dariya.

Naki har kullum,
Nomau

Aziziyya, Jidda
Shawwal, 1984

Uwani,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Kada Inna ta ji wannan.

Tun ranar musayar nan, da na kishingiɗa bayan azahar sai in gan ni a wani fili mai sanyi, ana yayyafi. Turawa masu fuska kamar toka suna kirana da sunan tsohon na da, suna jefo mini ƙwallo. In farka haƙarƙarina na ciwo, ga laka a gwiwoyina. Kullum ina daɗewa can fiye da jiya. Ran Juma'a sai da aka kwara mini ruwa na dawo.

Tsohon kuwa yana barci har da munshari. Na roƙe shi mu mayar wa juna rigunanmu, ya yi kuka, ya ce ba a musaya sai an tashi daga wasa, wai ni kuma nawa wasan bai ƙare ba.

Tsoro nake ji, Uwani. Shekaranjiya na ƙone rigar ƙurmus. Jiya sai ga ni a filin Turawan nan sanye da 'yar shara, ko a jikinsu. Sun riga sun san fuskata.

Ki sa a yi mini addu'a. Ki yafe mini.

Mijinki,
Nomau