Gawar da Kawu Ya Ɗauka

Daren Laraba, watan Sha'aban. Unguwar Gwange.

Yau muka ɗauki wurin jana'iza a fim ɗinmu, ni ne gawar. Abokina Bulus ya aro kyamara a mishan, na naɗe cikin likkafani, abokai suka saɓa makarar.

Mun manta da mutanen hanya. Duk wanda ya ga makara sai ya bar abin da yake yi ya biyo, ana karɓa-karɓa don neman lada. Bulus yana ihu a tsaya, ba mai saurarensa. Da na ji an miƙi hanyar maƙabarta sai na tashi zaune. Aka watsar da ni aka tarwatse. Har yanzu ƙuguna ciwo yake.

Bayan isha'i Kawu Modu ya shigo yana huci. "Kai Bukar, mutuwa abin wasa ce? Koma kan keken ɗinkinka!"

Na durƙusa na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu." Amma wallahi ba zan bar fim ba. Shi da kullum yake cewa ban iya komai ba, yau da kafaɗarsa ya ɗauke ni, har yana roƙa mini gafara.