Ba Tsaka Ba Ce

Litinin, 16 ga Yuni
Na sake ganin 'yar ƙadangaruwar nan da safe a gindin dutsen bayan gidanmu. Ba ta kai ɗan yatsana ba in an cire wutsiya, launinta na yashi, ga ciki ya yi tsele. Ƙwai ne, na rantse. Malamina na Yamai ya ce in na kawo hoton mace mai ƙwai da na 'ya'yanta, to ta tabbata ba jaririn jangwada ba ce, jinsi ne na daban, memwar ɗina na kammala digiri ya tsaya da ƙafarsa. In ban kawo ba, shekara ta tafi. Tun da na dawo Dogon Dutsi ita kaɗai ce macen da na samu.

Laraba, 18 ga Yuni
Ba ta hawa bango. Tsakanin duwatsu take labewa, ta lashe tururuwa, ta gyaɗa kai kamar an gaishe ta. Na sa mata suna Hajiya. Kada wanda ya ji.

Jumma'a, 20 ga Yuni
Na tarar da maza biyu na irinta matattu, kawuna a fashe. Yaran unguwa ne da danƙo. Na tsare su, suka ce wai tsaka ce, Malam Abdussalamu ya karanta masu akwai lada a kashe tsaka. Malam Abdussalamu! Yayana, ciki ɗaya.

Asabar, 21 ga Yuni
Inna ta ce, "Zalika, ki tai ki yi mashi magana mana, ai ba dodo ba ne." Ta manta. Tun da ya ce bin ƙadangaru ba karatun ɗiya mace ba ne, tsakaninmu sai ina kwana. Na san abin da zai ce, har da yadda zai shafa gemu.

Ban ga Hajiya ba yau. Na kasa cin tuwo.

Talata, 24 ga Yuni
Tana nan, Alhamdulillahi. Amma na hangi yaran suna zagaye dutsen, don haka na ɗauki gawar namiji ɗaya da na jiƙa a kwalba na nufi shagonsa. Sau biyu ina juyawa a hanya.

Na zuba magana ba numfashi. Tsaka da dare take fita, wannan da rana. Tsaka irin ta gida ba ta ƙifta ido, wannan tana da fatar ido. Yatsun tsaka masu faɗi ne, suna manne wa bango, na wannan sirara ne da farata. Dangin ƙadangare ce, gidansu daban.

Ya juya kwalbar, ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce kawai, "Bar mini ita nan." Ko gardama bai yi ba, shi ya fi tayar mini da hankali. Wataƙila zubarwa zai yi.

Alhamis, 26 ga Yuni
An yi ruwa jiya. Da hantsi Hajiya ta tona rami a yashi mai laima, ta zuba ƙwai, ta rufe da hancinta. Na samu hoto. Saura 'ya'ya, in awaki ba su tattake wurin ba.

Lahadi, 29 ga Yuni
Wani ya kewaye ramin da ƙaya. Ba ni ba ce. Inna ta ce ita ba ta san komai ba, tana wani murmushi mai ban haushi. Yaran sun wuce ni da danƙo a wuya, ɗaya ya ce, "Malam ya ce mu duba yatsu tukuna. Wagga ba tsaka ba ce, kashinta zalunci ne."

Laraba, 23 ga Yuli
Shiru. Kullum sai na je. Ko sun ruɓe?

Alhamis, 21 ga Agusta
Yashi ya motsa da safe, ƙananan kawuna suka leƙo, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa. Wata biyu nake jiran wannan da salula a hannu, sai ga ni a ƙofar shagon Yaya ina haki, ban ɗauki ko hoto ɗaya ba. Ya bar mai sayen sukari a tsaye ya biyo ni. Kwalbar tana kan kantar shagon, na gani, kusa da littattafansa.

Na miƙa masa salular, shi ya ɗauki hotunan. Ya durƙusa a yashi da farar jallabiya ya ce, "Mi anka ce sunan danginsu?"

Hotunan sun ɗan karkace. Yaya bai iya ɗauka ba. Su zan aika.